Baban Hoto da Hoton Ƙirjinsa

Shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin hoton ƙirji na asibitin, ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. A gabansa ma'aikata su ce Baban Hoto, a bayan idonsa kuwa Tsawa. Da wankin fim ya fara a ɗakin duhu tun yana saurayi. Aikinsa babu aibu. Halinsa ne matsalar, ko matarsa ta gaji da ba mutane haƙuri.

Sai aka kawo sabuwar na'ura, tare da wata matashiyar likita. Ita wannan na'ura jerin hotuna take ɗauka, a ga tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana sauka yana hawa, a auna tafiyarsa. Sharaɗin ɗaya ne, mutum ya yi numfashi yadda ya saba.

To wa zai yi numfashin da ya saba, Tsawa na tsaye a kansa?

"Saki jikinka, malam! Ba ka ji ne?"

Sai mutum ya ƙame kamar itace. Awo ya yi ta fitowa a karkace.

"Baba, kai ne kake firgita su," in ji likitar.

"Ina ɗaukar hoto tun kina rarrafe. Na'urarki ce ta banza."

"To shiga, a gwada ta a kanka."

Don ya kunyata ta, ya tuɓe riga ya tsaya. Ta danna. Ta dubi allon, ta karanta masa awon.

"Gefen dama na tantanin yana tafiya kusan santimita biyu. Na hagu ko rabin ɗaya bai kai ba, kuma ya haura sama."

Ya zagayo ya duba da kansa. Ya san abin da yake gani sarai. Wata shida ke nan ba ya iya kwanciya rigingine sai ya ta da kai da matashi uku, bai kuma gaya wa kowa ba.

"Ƙarya take yi. Goge shi."

"Ba zan goge ba. Ka ga likitan ƙirji a satin nan, Baba."

"Yarinya, ba ki isa ki aike ni ba."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta. Ya kai ƙara ofis, wai ta ɗauke shi hoto ba da izininsa ba. Aka kira waɗanda suka ga ya tuɓe riga da hannunsa, magana ta mutu. A ɓoye ya tafi wani asibiti can ƙarshen gari, inda sai an hau mota biyu kafin a isa, inda aka tabbatar jijiyar da ke motsa tantanin ce ta raunana, aka ɗora shi a kan kulawa.

Bayan wata huɗu ya ajiye aiki. A ɗan taron sallama, likitar ce aka sa ta miƙa masa agogon bango. Ya bar hannunta a miƙe, ya juya ya ce wa matarsa, "Karɓi mu tafi."