Hantar da muke jefa wa Duna

Jama'a, salamu alaikum. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba a nan. Masu aiko saƙo suna cewa Bello mai nama ya yi kuɗi ya manta da mutane, Allah ya shirye ku, a kwance nake.

Ni mahauci ne a Tudun Wada, nan Sakkwato. Fawa gadonmu ce.

A gidanmu akwai wata doka da ta girmi Babana. Kakansa ya kafa ta tun shekarun da Turawa sunka fara zama a garin nan, lokacin yana yanka a kasuwa. Duk hanta ko huhun da anka tarar da ƙullutu mai ruwa a ciki, ba a sayar wa ɗan Adam, sai dai a jefa wa karen da ke gadin garke. Da wannan muke alfahari, wallahi. Ni kaina na fi shekara ashirin ina jefawa, a 'yan shekarun nan kuma Duna ke ci, baƙin karen da ke tsare mana tumaki a bayan gida.

Abin ya fara ne da nauyi a ƙasan haƙarƙarina na dama.

Na ce ulsa ce. Inno, matata, ta ce shawara ce, ta yi ta jiƙa mani sassaƙe. Na sha har na gaji da ɗaci. Tuwo loma uku sai in ji na cika, wando ya fara zamewa daga ƙuguna, ga shi wurin sai ƙara tasowa yake yi.

Ranar da na kasa ɗaga cinyar saniya, ranar na yarda na tafi asibiti.

Anka ɗebi jini, anka shafa mani wani abu mai sanyi a ciki anka ɗauki hoto. Likita ya juyo da allon ya ce, "Malam Bello, ka ga wannan baƙin da'irar? Jakar ruwa ce a cikin hantarka. Kuna da kare?"

Har raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, ni fa Musulmi ne. Tunda nake ban taɓa shafa kare ba."

Ya ce ba sai na shafa ba. Tsutsa ce ke zama a hanjin kare, ƙwanta na fita cikin kashinsa, ido ba ya gani. Ya hau ganye, ya shiga ruwa, tunkiya ta ci, mutum ma ya ci. Ya tambaye ni, "Shi karen, yana cin ɗanyen kayan ciki?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ashe daga hantar da muke jefa mai yake samun tsutsar. Kuma a 'yar garkar Inno yake kwana, inda take shuka latas da tumatir, waɗanda nake ci ɗanye da ƙuli kullum.

Likita ya ce in jakar nan ta fashe a ciki, ana iya rasa ni kafin a iso da ni asibiti. Ya hana ni ɗaukar kaya, ya ba ni ƙwayoyi na makonni, sannan tiyata. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maku ba. Ko tari sai in dafe ciki. Babur ɗina muka sayar saboda aikin.

Da na gaya wa Baba, sandarsa ya buga a ƙasa. "Mi kake hwaɗi? Abin da kakana yab bari shi ne cuta? Likitan ga bai san fawa ba."

Ban ja da shi ba. Amma ranar aiki shi ya riga kowa zuwa, ya zauna a kan benci da carbinsa.

Na farka da roba a hanci, wata a gefen ciki tana ɗiga cikin leda, maƙogwaro kamar an goga mani yashi. Inno ce ta ba ni labarin abin da ya faru a waje. Likita ya fito da abin da anka ciro cikin wani kwano, ya nuna wa Baba. Jaka ce fara fat, mai santsi, da ƙananan 'ya'ya a ciki.

Ta ce Baba ya daɗe yana kallo. Mutumin da ya fi shekara sittin yana feɗe dabba, ba ya buƙatar a yi mai bayani. Sai ya ce a hankali, "Wagga ai irin ta Duna ce." Ya zauna a ƙasa, nan kan siminti, ya rufe fuska da babbar riga.

Kwana goma sha ɗaya na yi a gado. Yanzu alhamdu lillahi ina cin tuwona, ina ci gaba da shan magani, an kuma yi wa duk mutanen gida hoto, ba a ga komai ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da abokan sana'a da sunka riƙe mani teburi, da Inno da ta kwana a tabarma ƙarƙashin gadona. Allah ya saka maku da alheri.

'Yan uwana mahauta da masu layya, don Allah hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa kar a ba kare, kar a ba kyanwa, kar a jefa a bola. A ƙone, ko a binne da zurfi. Mai kare ya kai shi wurin likitan dabbobi a riƙa ba shi maganin tsutsa. A wanke ganye sosai, a wanke hannu da sabulu. Ciwon da ya ƙi tafiya kuma, a je a yi hoto.

Makon jiya na koma wurin yanka, ina zaune ina kallo. Anka feɗe wani rago, sai ga ƙullutun a hantarsa. Duna ya taso yana kaɗa wutsiya kamar yadda ya saba. Baba ya ɗauki hantar, hannunsa har ya ɗaga sama, sai ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi wurin ɗinkina.

Ya ce, "Ku kawo mani wuta."