Sati Ukun da Na Rubuta wa Malaminmu

Ina shekara ta biyu a karatun digiri na ƙarshen mako muka faɗa hannun malamin da ke koyar da harkar kuɗi a kasuwanci. Wata jami'a ce ta buɗe mana cibiya a Gumel, ta ari azuzuwan wata makaranta, malamai su zo Juma'a da yamma su koma Lahadi. Ni malamar firamare ce a Sule Tankarkar. Duk Asabar da sassafe nake dafa wa yara abinci, in rufe, in fita neman mota.

Ajin namu ba na yara ba ne. Akwai ma'aikatan sakatariya masu furfura, akwai malaman makaranta irina, akwai 'yan kasuwa da ke son a riƙa ce musu masu digiri. Benci ɗaya nake zama da wata 'yar Filato, Kirista, mai shagon kayan masarufi a Maigatari. Madam muke ce mata. Bakinta ba ya hutawa, kuma ko malami ba ta raga wa.

Ba zan rage wa mutumin nan komai ba, ya iya koyarwa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yau, don duk abin da ya zuba mini a ka yana nan daram. Ranar farko ko littafi bai riƙo ba. Ya tsaya gaban allo ya ce naira ɗaya ta yau ta fi naira ɗaya ta baɗi, wa zai gaya masa dalili? Muka yi ta kame-kame. Sai ya ɗauko misalin ɗan tunkiya da aka saya yau aka kiwata, da wake a rumbu, da masu canjin sefa a bakin iyaka. Kafin a tashi, har dattijon da ke gyangyaɗi a baya ya gane. Shi ya koya mana cewa riba daban, kuɗi a hannu daban, kuma sana'a tana iya cin riba ta mutu, in ranar da take buƙatar kuɗi aka wayi gari babu. Ni da nake tsoron lissafi tun ina sakandare, sai ga ni ina ɗokin zuwan Asabar.

A tsakiyar zango ya ba mu jinga. Kowa ya zaɓi sana'a ta gaske, ya bi kuɗinta wata-wata, yaushe suke shigowa, yaushe suke fita, kuma a ina take da rauni. Ban yi dogon tunani ba, sana'ar mahaifina na ɗauka.

Babana ɗan zoɓo ne tun kafin a haife ni. A ƙauyukanmu mata ne ke shuka yakuwa a gefen gonakin gero na mazajensu, su ci ganyen a miya, in kaka ta yi su ɓare zoɓon su shanya. Baba ba ya rubuta yarjejeniya da kowa, ba ya ba da kuɗin kafin alƙalami. Abin da yake yi, kafin ruwan farko yakan zaga ƙauyukan nan tsakanin Sule Tankarkar da Gagarawa a kan babur, ya raba buhunan da babu komai a ciki, kowanne an ɗinke masa jan zare a baki. A kowane ƙauye akwai tsohuwa ɗaya da yake sauka a ƙofar gidanta, ita ke rarraba wa mata. Duk wadda ta karɓi buhunsa ta san shi za ta jira. Ba a yanke farashi, sai ya zo ya auna da tiya, ya biya yadda kasuwar Maigatari ta kama a satin. Da wannan ya ciyar da mu, da shi ya kai ni makaranta.

Na je gida na zaunar da shi a zaure da biro da takarda. Ya yi ta dariya, wai yau shi ake yi wa tambaya kamar gwamna. Amma da na fara tono, sai ya tsaya.

"Wa zai karanta wannan?" ya tambaye ni.

"Malaminmu ne kaɗai, Baba."

"Malami? To ai babu komai. Rubuta."

Haka aka tashe mu. Ba a ɓoye wa malami abu, kamar yadda ba a ɓoye wa likita ciwo. Baba ya kwance mini komai, har abin da ko ƙannensa ba su sani ba. A nan na gano raunin da ake nema. Zoɓo yakan bushe, amma Baba ba shi da kuɗin saye sai ya girbe wakensa, ya casa, ya kai kasuwa. Tsakanin bushewar zoɓo da zuwan Baba da kuɗi, sati uku ne cif. Matan suna zaune da kaya a ɗaki, ga hidimar bikin kaka, ga ɗinkin yara, ba abin da ke riƙe da su sai kunya da sabo. Da na gano haka har tsalle na kusa yi. Na ja layi biyu a ƙarƙashinsa, na rubuta cewa nan ne giɓin jarin juyawa.

Ranar da za mu miƙa, Madam ta fizgi takarduna tana dubawa. Ta ɗago ta kalle ni.

"Ke, duk wannan gaskiya ce kika rubuta?"

"To da ƙarya zan rubuta?"

"Ni shagon da na rubuta masa babu shi a duniya. Na ce ina sayar da takalmi a Jos."

"Haba Madam, malami ne fa."

"Malami ba ya cin tuwo?" in ji ta. Na ce Allah ya shirye ta, muka yi dariya.

Sati biyu bayan nan malam ya tsayar da ni a gindin darbejiyar da ke bakin aji. Ya ce tun da yake koyarwa bai taɓa samun jinga mai kyan tawa ba. Gyara ɗaya ne, bincike na ƙwarai ba ya cewa wani ƙauye, sai an faɗi suna. In ƙara shafi guda, in jera ƙauyukan yadda Baba ke bin su, da gidan da yake sauka a kowanne, da satin da zoɓonsu ke bushewa. Na koma gida kaina ya yi girma. Na rubuta masa shafi biyu maimakon ɗaya, har da taswirar hanya na zana masa da hannuna, na nuna inda yashi ke kama mota. Ya ba ni makin da ya fi na kowa, ya kira ni gaban aji aka tafa mini.

Damina ta zo ta wuce, zoɓo ya yi kyau a shekarar. Baba ya sayar da wakensa kamar kullum, ya ɗaure kuɗi, ya hau babur. Da la'asar ya dawo daga ƙauye na farko da buhunansa a naɗe a bayan babur, babu ko tiya ɗaya. Tsohuwar gidan ce ta fito da su tana sunkuyar da kai. Ta ce wasu baƙi sun zo da a-kori-kura da sikeli tun sati biyu da suka wuce, kuɗi a hannu, kuma da sunanta suka yi sallama. Washegari ya tafi na biyu, haka. Na uku, haka. Duk inda ya nufa an riga shi, kuma bi da bi, yadda shi kansa yake bi. Ba su ma ƙara wani kuɗin kirki a kan farashi ba. Sun dai zo a daidai lokacin da mata ke cikin matsi. Ban ga laifin matan ba, ko ni ce zan sayar.

Innata ce ta gaya mini a waya. Ta ce Baba ya rasa gane wanda ya yi masa haka, har ya fara zargin dillalinsa na shekara da shekaru. Ina jin haka jingar da na rubuta wa malam ta faɗo mini a rai, amma na kori tunanin. Na ce wa kaina ba zai yiwu ba.

Madam ce ta kira ni wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Ta ce in ajiye duk abin da nake yi in zo. Da na isa sai ta kama hannuna muka ratsa ta bayan shagonta zuwa layin sito. Ga tirela ana yi mata lodin zoɓo, ƙasa duk ta yi ja. Ga malaminmu a tsaye cikin yadi mara nauyi da silifa, yana ba 'yan dako umarni, wani mai kama da shi sak yana riƙe da sikeli. Daga baya na ji ƙaninsa ne.

Da ya gan ni ko ɗar bai yi ba. "A'a, Malama, ke ce a kasuwa?"

Na ce, "Malam, ƙauyukan da na rubuta maka ne?"

Ya gyara tsayuwa kamar zai fara lakca. "Malama, kasuwa ta kowa ce. Akwai wadda na tilasta wa ta sayar? Ke da kanki kika nuna akwai giɓi. In ban cike shi ba, wani zai cike. Matan nan ma taimakonsu aka yi."

"Amana ce fa. Mahaifina ya yarda ne don an ce masa malami."

"Ai na gaya muku a aji, labari ma jari ne. Ki ce da Alhaji ya zo mu yi magana, zan iya ɗaukarsa ya riƙa saya mini."

Wannan ta ƙarshen ce ta fi ƙona ni. Mutumin da ya gina hanyar nan da ƙafarsa, shi za a ɗauka aiki a kanta. Ina da baki, duk wanda ya san ni ya sani, amma ranar Madam ce ta wanke shi tas da Hausa da Turanci har 'yan dako suka tsaya kallo, ta ja ni muka tafi.

Ta ce in kai ƙara. Ƙarar me? Bai saci jarabawa ba, bai nemi ko sisi a wurina ba. Kuma kashi na biyu na kwas ɗin yana hannunsa. Na koma na zauna a bencina wani zangon guda, ina kallonsa yana bayani mai daɗi, ina rubutawa. Ban taɓa raina kaina kamar a watannin nan ba.

Abin da ba zan iya bari ba shi ne a ci gaba da zargin dillalin da bai ji ba bai gani ba. Na sami Baba bayan sallar Juma'a yana zaune a zaure. Na durƙusa na gaya masa komai, har taswirar. Na so ya zage ni, da na ji sanyi.

"Shi malamin?" ya ce.

"Shi, Baba."

Ya girgiza kai. "Tashi. Ba ke kika cuce ni ba, ni na ce ki rubuta. Gobe zan je in ba mutumin nan haƙuri, na zarge shi a banza."

Mai sayen kayansa na Kano bai jira shi ba, ya koma wajen masu tirela. Baba bai sake raba buhu ba. Yanzu gero da wake yake ɗan juyawa a kasuwar mako, kuma ban san ko yana samu ko ba ya samu ba. Na gama digirina, na iya duba sana'a in faɗi inda take ciwo, mutane har gida suke zuwa neman shawarata. Bara na ga ya rame, na zauna kusa da shi na ce, "Baba, ya kasuwar? Ko akwai abin da zan duba maka?"

Ya yi mini murmushi, irin wanda yake yi wa baƙi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya yaran?"