Kawu Labbo da Maza Goma Sha Biyu

Ku da kuka san Kawu Labbo kun san bai iya gaisuwa ba. In ya gamu da namiji sai ya nuna shi da sanda ya ce, "Bakwai." Shi ke nan, an gaisa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, amma har ya bar duniya sunana Tara.

Dalili kuwa, tungarmu da ke gefen Illela mata da yara ne suka cika ta. Da malamai suka zo daga Sakkwato suka ba mu izinin yin Juma'a, sun ce sai da maza baligai goma sha biyu, mazauna gari, ban da liman, tun daga huɗuba har sallama. In ɗaya ya ragu, sai dai a taka har Kwanni, inda masallacin Juma'a ya fi kusa da mu. Mu kuwa sha biyu muke cif. Tun ranar Kawu bai sake barin kowa ya sakata ya wala ba.

Wata Alhamis ɗaya daga cikinmu, Ɗan Ige, ya ɗaure kanwa zai tafi fatauci, ya nemi jakinsa sama da ƙasa ya rasa. Muna cikin nema sai muka ji kuka daga ɗakin Kawu.

Ɗan Ige ya ce, "Kawu, mi ka kuka ɗakinka?"

"Tari nika yi."

Jakin ya sake wage baki. Kawu ya dafe ƙirji ya ce, "Kun ji ko? Ya tsananta." Bai warke ba sai bayan an sauko Juma'a.

Shekarar da tsoho Buba ya rasu muka koma sha ɗaya, Kawu ya tare wani Bafillace mai suna Jaɓɓo yana wucewa da shanunsa. Wallahi ina tsaye, ya ba shi fadamarsa sukutum, in dai zai gina ɗaki ya zauna. Matar Kawu, Inna Kulu, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Malam, mi za mu ci?"

Ya ce, "Ke, kin taɓa ganin hatsi ya tsaya sahu?"

To, ranar da ciwon ajali ya ci ƙarfinsa Juma'a ce. Ko kai ba ya iya ɗagawa, amma ya ce a ɗauke shi. Liman ya ce, "Labbo, ai Allah ya ɗauke maka."

"Ni ya ɗauke min. Ku hwa? Ga tsohwahhi, wa ka kai su Kwanni?"

Muka ciro ƙyauren ɗakinsa muka ɗora shi a kai, muka jingina shi da bango a ƙarshen sahu, kusa da ni. Ban taɓa jin liman ya gajarta huɗuba irin ta ranar ba. Da aka yi sallama na juya in gyara masa zama, ashe Kawu ya cika.

Liman ya dube ni ya ce, "Kahin sallama, ko baya?" Kowa ya zuba mini ido, don in kafin ta ne, babu Juma'ar kowa.

Ni kuwa na ji sallamar Kawu da kunnena, a hankali ƙwarai, sannan numfashi ɗaya ya biyo. Hawaye suka kece mini. Na ce, "Ya jira, Malam. Wallahi ya jira."

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa, ya tsayar da shi a sahun da ba ya raguwa. Amin.