Baffa Sambo da Rantsuwar Yayansa

Ku da kuka san Baffa Sambo kun san in ka ba shi hannu, ka ba shi ke nan. Zai riƙe ka, babban yatsansa a kan jijiyar hannunka, idonsa a kan tumbinka. Kana "ina kwana", shi yana auna bugun zuciyarka. Sai ya tambaye ka ko mahaifinka na da rai, in ya rasu kuma me ya kashe shi. Daga nan ya yanke hukunci: "Kai ina ɗaukar ka," ko ya girgiza kai ya ce, "Kai ba ni ɗaukar ka." Wato da shi ne kamfanin inshora, ba zai yarda ya yi wa ranka inshora ba. Angon ƙanwata ma bai tsira ba. Ranar ɗaurin aure, a gaban waliyyai, Baffa ya dubi leɓensa da taba ta ƙona, ya dubi babur ɗinsa, ya ce, "Wanga ba ni ɗaukar shi. Amma tunda kun riga kun ba shi, Allah shi kyauta."

Ɗalibansa na jami'a, inda yake koyar da inshorar rai da fansho, Malam Saura Nawa suke ce masa. Sunan na ƙona masa rai. "Ajali na Allah ne," in ji shi. "Ni ban san ranar kowa ba. Amma tara min mutum dubu, in hwaɗa maka kusan nawa za su ga baɗi."

Ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Zamanin Turawa, da aka ce kowane babban gida ya ba da yaro makarantar boko, kakanmu ya ɓoye babban ɗansa a cikin littattafai, ya miƙa ƙaramin. Baffa kan ce, "Ni ne jangalin gidanmu." Babban ya zama Malam Haliru, mahaifina, limamin unguwarmu a Ƙofar Kware. Ƙaramin ya zama malamin fansho a Baitulmalin En'e, inda ya yi shekaru yana kallon matan dogarai da masinjoji, sun fita takaba, suna zuwa bakin ƙofa suna tambaya ko mai gidan ya bar wani abu. Yawanci babu. Abin da ya kai shi karatun inshora ke nan, kuma da aka buɗe jami'a shi aka kira.

Rigimar ta tashi ne a wajen wani suna a gidanmu, maza sun zagaye akushi. Malam ya ce, "Sambo, an ce kana koya ma ɗiyan Musulmi caca da mutuwa."

"Yaya, ba caca ba ce, gayya ce. Kowa shi kawo kaɗan, gidan da mai shi ya hwaɗi a tallahe shi."

"Wallahi in ba ka bari ba, ba ni tsayawa gaban gawarka."

Hannuwa suka tsaya a cikin tuwo. Baffa ya lashe yatsa ya ce, "Yaya, ka girme ni, ga hawan jini. Bisa lissahi, ni ka bin taka." Ya yi dariya shi kaɗai. Ni na raka shi gidansa a unguwar Gidan Dare ranar. Kun san abin da maganar take nufi. Malam shi ke sallatar kowa a unguwa, har baƙon da ba a san danginsa ba. A ce ƙanensa ya rasu wani ya yi limanci yana raye, Sakkwato kaf sai ta tambayi dalili. Tun daga ranar, abin da Baffa ke nema a duniya ɗaya ne: yayansa ya janye.

Amma ya bar koyarwar? Ina. Ni ma ajinsa na shiga, Malam ya ce zunubin na wuyan wanda ya koya min. Mu ɗin ba mu da yawa, rabinmu ma sauran kwasa-kwasai ne suka ƙi mu. Wata rana Baffa ya shigo da damin gero a kafaɗa, yana haki, ya dire a gaban allo. Ya ce yawancinmu 'ya'yan manoma ne, ba zai ɓata alli ba. Damin shi ne albashi. Duk mako kowa ya zare zangarniya ya ajiye a kwali a kusurwar aji, wannan shi ne fansho, ranar ƙarshe za a buɗe mu ga daɗin tanadi. Muka yi ta zarewa. Ranar ƙarshe ya sa babbar rigarsa, ya buɗe kwalin da kansa. Ɓeraye sun cinye tas, sai sanduna da kashinsu.

Ya daɗe yana leƙa kwalin. Can ya ce, "Ku rubuta. Wanga shi aka kira hwaɗuwar darajar kuɗi."

Wani ɗan Kware ya ɗaga hannu. "To Malam, mi za mu ci in mun tsufa?"

"Wanga darasin zango na biyu ne. Ni ma ban gama shirya shi ba."

Yaron nan dai shi ya taɓa tambayarsa a wane kamfani ya yi tasa inshorar. Baffa ya hau share allon da babu rubutu a kai. Gaskiyar ita ce bai yi ba. Matarsa, Goggo Hajo, ta ce masa, "Ka mutu, a kawo min kuɗin mutuwarka, in sayi daddawa da su? In ka yi, a rijiya zan zuba." Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana lallashin 'ya'yan mutane, ya kasa shawo kan wadda suke kwana ɗaki ɗaya.

Duk Jumma'a bayan masallaci sai ya tako zaurenmu da sabuwar hujja. Malam ya amsa gaisuwa, ya sa a kawo masa fura, ya ci gaba da karatunsa. Baffa ya yi ta yi wa ƙeyar yayansa bayani har furar ta ƙare. Da zazzaɓi ya taɓa kayar da shi, ya ga dama ta samu, ya aiko a ce abin ya yi tsanani. Malam ya zo da sauri ko rawani bai naɗa daidai ba, ya zauna a kansa yana tofa masa addu'a. Baffa ya buɗe ido ɗaya.

"Yaya, maganar nan hwa?"

"Ka bari?"

"Saura jarrabawa kawai yaran su gama."

Malam ya shafa addu'arsa ya nemi takalmansa.

Muna dariya a lokacin. Yanzu in na tuna, raina ɓaci yake, domin na ga yadda abin ke cin mutumin nan. Ranar da ya yi ritaya, tun kafin ya je gida ya biyo ta zaurenmu, fuskarsa kamar yaro ranar sallah. "Yaya, na bari."

Malam bai ɗago ba. "Ka bari, ko an sallame ka? Ritaya ba tuba ba ce. Ce min abin da ka koyar ɓata ne."

Baffa ya tsaya da hularsa a hannu. Na ce a raina, Baffa faɗi mana, me zai rage ka? Sai ya ce, "Yaya, na ga matan nan da idona. Ba ni iya cewa." Ya juya ya fita.

Daga nan komai ya yi ta zubewa. Aka rufe kwas ɗin saboda ba ɗalibai. Mu da ya koyar muka watse, wani banki, wani kasuwa, ba wanda ya gaje shi, har ni. Fanshon nasa ma sai an ga dama, yana bin layi a rana tare da tsofaffin da yake auna wa jijiya. Bai daina zuwa Jumma'a ba, amma ya daina tambaya. Zai sha fura, su yi maganar ruwan sama da farashin shinkafa, ya tashi.

Da ciwon ajali ya zo, bai aika wa Malam ba. Limamin Gidan Dare ya sa aka kira, ya riƙe hannunsa yana aunawa, ya ce, "Kai kana kaiwa jana'izata. Amma don Allah kar ka yi sauri, na ga yadda kake sallar mutane." Da limamin ya fita ya ce min, "Kar wanda ya matsa ma Yaya. Ya rantse, kuma bai taɓa ƙarya ba." Ya juya fuskarsa bango. Washegari da hantsi ya cika.

Aka shimfiɗe shi a ƙofar gida, aka yi sahu, limamin Gidan Dare ya matsa gaba. Sai ga Malam yana dogara sanda, ya ratsa sahu, ya dafa kafaɗar limamin, ya tsaya a wurin. Ya yi kabbara. Shi ya sallace shi, mu a baya ba mu san abin da muke karantawa ba.

A hanyar dawowa daga maƙabarta na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, rantsuwar fa?"

Ya ce, "Na yi kaffararta tun bara. Na ciyar da miskinai."

"Baffa ya sani?"

Ya tsaya a tsakiyar hanya. "Jira nike shi sake tambaya ta. Duk Jumma'a sai in ce yau za shi tambaya."

Allah ya jiƙan Baffa Sambo, ya jiƙan Malam da ya bi shi ba da jimawa ba. Ya yafe musu taurin kansu, ya haɗa su a inda ɗaya zai faɗa wa ɗaya abin da bai ji ba a nan. Amin.