Kwalekwale a Wunti

Yau jikata ta tambaye ni aikin da ya fi ɗaure min kai a sana'ar kafinta.

Shekarar samun 'yancin kai, wani ɗan kasuwa mutumin Kudu ya sauke ruɓaɓɓen kwalekwale a gidansa na unguwar Wunti a Bauchi, wai in gyara. Na sake masa katako da haƙarƙari, na liƙe da kwalta.

Na ce, "Maigida, Bauchi fa ba kogi. Ina za ka tuƙa shi?"

Ya ce, "Na babana ne, ya rasu. Kawo ruwa."

Muka cika shi da ruwan rijiya, ko ɗigo bai zuba ba. Ya zauna a gefe, ya tsoma hannu a cikin ruwan.

Har yau ban gane ba. Ku mutanen bakin kogi, ku fahimtar da ni.