Silifar Malam Abdurrashid Ta Haye Gada

Duk wanda ya taɓa zama a gidanmu na haya da ke unguwar Biafra, cikin Treichville a birnin Abidjan, ya san yadda safiyar Malam Abdurrashid take farawa. Yana dawowa daga masallaci, kafin ya kurɓi ko shayi, sai ya nufi kusurwar tsakar gida ya yaye tamfol. Ya kori kajin matarsa daga kan kujera, ya goge gilashi da gefen riga, ya leƙa inji kamar mai duba jinjiri, ya ce, "Saura kaɗan." Sannan ya rufe, ya rataya jakar sifanoninsa ya kama hanyar Adjamé, inda yake gyaran gbaka, ƙananan motocin hayan nan da ba sa mutuwa sai sun cika maƙil da fasinja.

Abin da ke ƙarƙashin tamfol ɗin mota ce, in ji shi. Ja ce, kujera biyu, ba rufi, kuma gajarta har ka rantse a ƙasa ake zama. Jikinta ma ba ƙarfe ba ne, irin robar kwale-kwale ce. Wani Bature mai aiki a tashar jiragen ruwa ne ya bar masa ita a 1993, lokacin ta riga ta mutu murus. Mu 'yan gida muka raɗa mata suna Silifa, sunan kuwa ya bi ta.

Ranar da aka turo ta cikin gida, matarsa Tsahara tana amarya. Ta zagaya motar ta riƙe haɓa.

"Malam, wannan kuma mene ne? Akwatin gawa ko kwalbati?"

Shi kuwa gogan, ƙuruciya na ɗibarsa, ya ɗaga murya a gaban kowa: "Wallahi a cikinta zan kai ki kasuwar Adjamé, ki sauka a gaban abokan sana'arki!"

To, ka ji rantsuwar da ta zame masa ƙarfen ƙafa. Tsahara atamfa take sayarwa a Adjamé, kuma da bakinta ta kai wa matan layinsu labari. Tun daga ranar, duk safiyar Allah ta sauko daga bas tana haɗa gumi, sai an samu mai tambaya, "Madam, ina Silifa? Ko an ajiye ta a bayan kasuwa?" Takan yi dariya, amma mu da muke gida ɗaya mun san abin yana ci mata rai.

Kada wani ya ce bai iya gyara ba ne. Haba! Mutumin da yake kara kunne jikin inji ya gaya maka inda ke ciwo? Da idona na ga ya kwance kafireton Silifa a kan tabarmar salla, ya wanke shi ɗaya bayan ɗaya da buroshin haƙori. Ya ɗinke tsagar jikinta da ƙaro da zare, tsakar gida ta yi sati tana wari, har makwabta suka kai ƙara wurin mai gida. Abin da babu shi a duk Abidjan, ya zauna ya ƙera da hannu. Sau nawa muka ji injin ya yi tari ya tashi, yara suna tsalle, kaji suna neman mafaka.

Matsalar Malam Abdurrashid ɗaya ce: bai iya cewa babu ba.

Wata ranar da Silifa ta tashi sosai, har Tsahara ta shiga wanka, sai ga Kailu direban woro-woro, wato tasin haɗaka, ya faɗo gidan ba ko sallama. Matarsa tana naƙuda a bayan mota, batir ya ƙi. Malam Abdurrashid ya kwance na Silifa ya ruga da shi. Tsahara ta fito da kwalliyarta ta tarar da mota baki buɗe. Yarinyar da aka haifa ranar yanzu ta kusa gama sakandare.

Haka aka yi ta yi. Ham ɗinta ya koma babur ɗin mai burodi. Madubinta na gefe yana shagon wanzami. Tayoyi biyu suka tafi amalanken wani dattijo mai dakon kaya, da nasa suka fashe ana gobe salla. Da shanyewar jiki ta kama mai gidanmu Alhaji Inusa, zaman tabarma ya gagare shi, kujerar Tsahara aka ciro aka kafa masa a ƙofar babban masallaci. Ranar kam ta yi magana.

"Malam, har kujerata?"

"Aro ne, Tsahara. Saura kaɗan."

"Saura kaɗan a gama gyara, ko saura kaɗan a gama rabo?"

Kai ne, Malam Abdurrashid, ka sa motarka ta zagaye Treichville kaf ba tare da ta fita daga tsakar gida ba. Kai ne bakaniken da direba ke kira yana kuka ya tafi yana dariya. Sarkin sifana, mijin Tsahara, mai hannu baƙi da zuciya fara!

A bara, 2009, ido ya fara ba shi matsala. Goro ya faɗi, sai ya yi ta lalube. Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: da rana tsaka yana gani tukuna, amma ba zai daɗe ba, tuƙi ya kusa ƙare masa. Ya dawo gida, a karon farko bai yaye tamfol ba. Ya zauna kusa da shi. Ba gareji yake tunani ba, rantsuwarsa yake tunani, da matar da ta tsufa tana jira.

Kailu ne ya tashi bayan sallar Juma'a ya tare mutane a ƙofar masallaci. "Jama'a, duk wanda ya san akwai wani yanki na Silifa a wurinsa, ya ji tsoron Allah ya dawo da shi!" Wayyo, ashe rabin sahu ne. Kafin la'asar tsakar gidanmu ta koma kasuwar 'yan gwangwan. Mai burodi ya kawo ham, wanzami ya kawo madubi yana mita, Kailu ya sayo sabon batir. Iyalan marigayi Alhaji Inusa suka kawo kujera, ta lotsa daidai zamansa. Har da wanda ya kawo fankar tebur, wai ba ya so a ce bai kawo komai ba.

Malam Abdurrashid ya haɗa ta da hannu fiye da ido, yana shafa kowane noti yana kiran sunansa. Wata safiyar Lahadi ta tashi da ruri. Ya ja ta a hankali zuwa ƙofar gida, sai ya taka birki. Muka duba ƙofa, muka duba mota. Shekaru da suka wuce an gina shagon tela a cikin zauren, ƙofa ta tsuke. Wa ya yi waldar sabon ƙyauren, kyauta kuma? Shi da kansa.

Tsahara ta zauna a kan turmi ta yi dariya har da hawaye. Ni dai ban tabbata duka na dariya ba ne.

Allah ya kawo Lukumanu, shugaban 'yan dakon tashar jiragen ruwa, wanda Malam ya taɓa gyara wa babur. Ya ɗaga gefen motar da hannu ɗaya ya ce, "Wannan? Buhun koko ya fi ta nauyi!" Aka tsiyaye mai, aka cire batir, ƙarti suka kwantar da ita a gefe suka zura ta ta ƙofa kamar katifa, Malam yana bin su yana, "Dusuma, dusuma, a hankali, madubin wanzami!"

Shigar Tsahara ma sai da aka yi dabara, don amaryar 1993 ta ƙara albarka. Amma ta shiga, da ɗaurin kallabi mai tsini da sabon mayafi ruwan zuma da ta daɗe tana ɓoyo don wannan rana. Suka ɗauki hanya, Kailu na biye da su, mu cike da motarsa. Suka hau gada, iskar ruwan lagun da ke ƙarƙashin gadar na kaɗa mayafin, ita kuma tana yi masa ido: "Dama, Malam! Wancan bas ne, ba gini ba!"

Ana dab da shiga Adjamé sai ga wata tasi a gefen titi, tururi na tashi, direba ya ɗora hannu a ka, a baya wata tsohuwa kwance a cinyar 'yarta za su asibiti. Silifa ta rage gudu. Mu a baya muka ce, shi ke nan. Ya sauka ya laluba, bel ɗin inji ne ya tsinke. Ya juyo yana kallon Silifa, hannunsa har ya kai aljihun sifana.

"Malam," in ji Tsahara, "ka taɓa motar nan yau, sai dai ka nemi wata matar."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ta zare mayafin daga kafaɗa ta miƙa masa. "Ba kai kake ba yara labarin ana murɗa ƙyalle a ɗaura, ya kai mota gareji ba? Ungo, murɗa."

Ya murɗa, ya ɗaura, ya ja ƙulli da haƙori. Tasi ta tashi ta tafi.

Haka Silifa ta shiga layin 'yan atamfa tana ham ɗin mai burodi. Matan nan suka miƙe tsaye, baki sake. Tsahara ta ɗauki lokacinta wajen sauka, don dole ma ta ɗauka. Wata ta daure ta ce, "Madam, ina mayafinki?"

"Ya tafi asibiti," in ji ta. "Ga Silifa, tunda ita kuke tambaya."

Shi kuwa yana zaune riƙe da sitiyari, hawaye na bin gemunsa, wai ciwon idon ne. Ya zare makulli ya damƙa mata ya ce, "Na sauke rantsuwata, Tsahara." Kailu ne ya tuƙo ta gida. Malam bai sake tuƙi ba tun daga ranar.

Mun gode, Malam Abdurrashid. Allah ya saka maka, ya haskaka maka fiye da abin da ido ke gani. Ku kuma matasan bakanikai na Adjamé da ke ɓoye sifana kada abokin aiki ya ara, ku zo Biafra ku ga mutum. Za ku same shi da safe yana shafa Silifa, amma yanzu akwai kwaɗo a murfin injin, makullin na ɗaure a bakin zanin Tsahara. In batirinku ya mutu, ita za ku roƙa. Za ta zage ku tas, sannan ta kwance makullin.