Takardun da Aka Ƙona a Bayan Coci

'Yan'uwa, salama a gare ku.

Na daɗe ban rubuta komai a shafin nan ba. Lafiyata ƙalau. Kun yi ta roƙo in ba ku tarihin karatun safen nan, ni kuwa da na zauna rubutawa sai raina ya ɓaci. Yau dai zan faɗa.

Ciwo ne ya haifi shafin nan.

Lokacin ba a ba Katsina jiha ba tukuna. Mun taso daga kudancin Kaduna zuwa Dutsin-Ma, maigidana Malam Yohanna yana koyarwa, ni ina buga tafireta a ofis. Tari ya fara mini bayan na yaye 'yata Ladi. Na sha citta, na sha zuma. Zani ya fara zamewa daga ƙuguna. Wata safiya a ofis na yi tari, jini ya fantsama a kan takardar da nake bugawa.

Aka kai ni asibiti a Katsina. Gwajin majina sau uku, hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton ya ce, "Madam, tarin fuka ne. Ana warkewa, amma allura kullum, wata da watanni. In kika tsallake, ba ruwana."

Ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron barin Ladi ba.

Ofis suka ce in zauna a gida. Wannan na gane. Abin da ban gane ba har yau shi ne coci. Ni ce sakatariyar zumuntar mata. Ranar Lahadi shugabarmu, Maman Bulus, ta tare ni a ƙofa, ta rufe hanci da gefen ɗankwali.

"Maman Ladi, ki koma gida. Za mu riƙa tunawa da ke a addu'a."

Na ce, "Mama, ko a waje ne bari in zauna in ji waƙa."

Ta ce, "Ki fara bincika zuciyarki. Irin wannan ciwo ba ya zuwa haka kawai."

Ba wadda ta tako gidana. Ko ɗaya.

Ana haka aka mayar da Malam Yohanna wata makaranta a Kurfi, muka koma can. Mai yi mini allura wani dattijo ne, Malam Lawal. Yakan dafa allurar a ƙaramar tukunya ina kallo. Ɗuwawuna suka yi tauri kamar dutse, kunnena ya fara ƙara, ga ƙwayoyi cike da tafi. Wata rana na ce masa na gaji, ba zan ƙara zuwa ba.

Ya ce, "Matar Malam, in ba ki taho ba, ni zan taho har gida. Allah bai ce ki mutu bana ba."

Kuma ya zo, a kan kekensa.

Zaman kaɗaici ya ishe ni, sai Malam Yohanna ya samo mini tsohuwar tafireta. Kowace safiya bayan allura in ɗauki aya guda, in rubuta abin da ta faɗa mini. Da takardar kabon nake fitar da kwafi huɗu. Na aika wa zumuntar matan Dutsin-Ma na farko, da sunana a ƙasa.

Matar wani ɗan sanda ce ta gaya wa maigidana abin da ya faru. Da tsinke aka ɗauke su, aka ƙona a bayan coci, wai kada cuta ta bi takarda.

Na yi kuka har tari ya shaƙe ni. Malam Yohanna ya bari na gama, sannan ya ce, "Rifkatu, ki sake bugawa. Kada ki sa suna."

Na buga, ya miƙa wa faston Dutsin-Ma ya ce daga wata 'yar'uwa ne. Cikin sati biyu sai ga shi ana karanta su a taron mata. Maman Bulus da bakinta ta ce wadda ke rubuta wannan mace ce mai tsarkin zuciya. Hannu ɗaya, tafireta ɗaya, huhu ɗaya.

Na gama allura, na ci gaba da ƙwayoyi har fiye da shekara. Ranar da likita ya ce ƙirjina ya washe, na sayi tsire a tasha na cinye ni kaɗai.

Na koma cocinmu na Dutsin-Ma aka rungume ni, ana guɗa. Ba wadda ta ce yi haƙuri. Da aka gane ni ce mai takardun, sai aka ce ai dama sun yi zato.

Daga huɗu muka koma juya su da inji, direbobi suna kai wa Funtuwa da Zariya. Bayan na tsufa jikata ta buɗe mini shafin nan. Yanzu ina samun saƙo daga garuruwan da ban san inda suke ba, kuna ce mini uwa mai salama. Kada ku ruɗi kanku. Maman Bulus ta rasu ba mu yi maganar nan ba, kuma har yanzu ina fama da yafe mata. Wasu ranakun ina iyawa.

Na gode wa Ubangiji da ya bar ni na ga auren Ladi. Na gode wa Malam Yohanna, wanda bai taɓa ware mini kwano ba sai da likita ya tilasta shi. Malam Lawal ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya saka wa zuriyarsa. Na gode muku da kuke karantawa.

Tarin da ya wuce sati biyu, a je asibiti. A sha magani har ƙarshe, ko an ji sauƙi. Ku tambayi likita yadda za ku ziyarci mai ciwon ba tare da kun ɗauka ba, akwai hanya.

Kuma don Allah, yau kada ku rubuta mini Amin a ƙasa. Kowannenku ya san wani da ya kwana biyu bai gani a coci ba. Ku ajiye wayar, ku je ku ƙwanƙwasa masa ƙofa.